Yadda Ake Neman Amsa Wurin Allolin Girkawa: Daga Tsara Tambaya Zuwa Jefa Ƙuri'a

A Dodona, can cikin duwatsun arewa maso yammacin Girka, mutanen dā suna rubuta tambayarsu a kan ɗan fallen dalma, su naɗe, su miƙa wa allolinsu Ziyus da Diyoni a gindin wani babban itacen oak. Masu haƙar tarihi sun tono dubban fallayen nan, kuma a 2013 an buga rubuce-rubuce sama da 4,000 daga cikinsu. Wanda ya karanta zai ga ba maganar sarakuna ce ta fi yawa ba. Wani mai suna Agis ya tambaya ko baƙo ne ya sace masa barguna da matasan kai. Lisaniyas yana so ya san ko cikin da Annila take ɗauke da shi nasa ne. Wani kuma cewa ya yi, kiwon tumaki zai karɓe ni kuwa?

An rufe Dodona da sauran wuraren neman amsa irinsa bayan dokokin da Sarkin Rum Tiyodosiyus ya kafa a 391 da 392. Amma a zamaninmu akwai masu raya addinin. A Girka akwai ƙungiyar YSEE da aka kafa a 1997, kuma a 2017 hukumar ƙasar ta amince da addininsu a matsayin sanannen addini. Akwai ire-irensu a Amurka da Turai. Ba su da Fitiya, wato matar da a dā take magana da bakin allansu Afollo a haikalinsa da ke garin Delfi, saboda haka sun koma kan hanyoyin da talakan Girka yake iya bi da hannunsa. Su zan zayyana. Mai karatu Musulmi ko Kirista ya san hukuncin addininsa a kan duba, kuma wannan rubutu bai zo ya taɓa hukuncin ba. Na yi shi ne don mai bin wannan tafarki, da ɗalibin tarihi, da marubucin da yake so ya kwatanta abin yadda yake, domin ana yawan rage shi zuwa jefa ƙashi kawai, alhali jifar ba ta cin minti guda. Aikin duk yana gabanta da bayanta.

Mataki na farko: tace tambayar

Kafin ka taɓa turare, duba ko abin da ke damunka na kai wa alloli ne. Marubuci Zenofon ya ruwaito cewa malaminsa Sokratis yana ganin saɓo ne mutum ya tambayi alloli abin da zai iya sani ta ƙirga, ko awo, ko ɗora wa sikeli. Misalin da ya bayar shi ne mai tambayar ko ya ɗauki wanda ya iya tuƙin karusa ko wanda bai iya ba. Idan kana so ka san ko jarinka zai isa, biro da takarda za ka ɗauka. Idan ƙirjinka ke ciwo, asibiti za ka. Abin da ake kai wa alloli shi ne abin da ya rage a ɓoye bayan ka gama duk lissafinka: ka shuka gonar da kyau, amma wa zai girbe? Ka gina gidan, amma wa zai zauna a ciki?

Akwai kuma tambayar da yinta ma laifi ne. Marubucin tarihi Hirodotus ya kawo labarin Gilaukus mutumin Sparta, wanda aka ba ajiyar kuɗi, ya je Delfi yana tambayar ko ya yi rantsuwar ƙarya ya cinye. Da ya ji amsa mai ban tsoro sai ya nemi gafara, aka ce masa gwada allan da aikata abin duk ɗaya ne. Ya mayar da kuɗin, amma zuri'arsa ta ƙare a Sparta. Saboda haka duk tambayar da take neman izinin cin amana, ko cutar da wani, ko leƙa asirin wanda bai ba ka dama ba, ka bar ta a nan. Tambayar Agis da ta Lisaniyas ma, ko da yake an yi su a dā, ban ba ka shawarar kwaikwayonsu ba. Ƙuri'a ba ta kama ɓarawo, ba ta tabbatar da uban ɗa, kuma gidaje sun mutu a kan abin da bai kai wannan ba.

Mataki na biyu: tsara ta

A nan ya kamata ka daɗe. A shekara ta 401 kafin Miladiyya, abokin Zenofon ya gayyace shi ya bi rundunar Sairus ƙarami, ƙanen sarkin Farisa, zuwa Asiya. Sokratis ya ce ya je Delfi ya tambaya. Zenofon ya je, amma abin da ya tambaya shi ne: wane allah zan yi wa hadaya domin in yi tafiyar da nake nufi lafiya in dawo lafiya? Da ya dawo Sokratis ya yi masa faɗa, ya ce ka riga ka yanke hukunci da kanka, sannan ka je tambayar yadda za ka aiwatar. Kamata ya yi ka fara tambayar ko tafiyar ta fi zama alheri. Sai ya ƙara da cewa, tun da haka ka tambaya, sai ka yi abin da aka umarce ka.

Daga wannan labari za ka ga siga biyu da Girkawa suka fi amfani da su, kuma su ne a kan fallayen Dodona. Ta farko: "Shin ya fi alheri, ya fi kyau a gare ni in yi kaza?" Ta biyu: "Wane allah ko gwarzo zan roƙa, in yi wa hadaya, domin kaza ya yi kyau?" Ta farko tana zuwa kafin yanke shawara, ta biyu bayanta. Kada ka haɗa su a tambaya ɗaya, kuma kada ka tsallake ta farko don kana tsoron amsarta.

Ka lura ba a cika tambayar "me zai faru" ba. Ana tambayar abin da za a yi ne. Kuresus sarkin Lidiya, kafin ya yaƙi Farisa, an gaya masa idan ya kai yaƙin zai rushe babbar daula. Ya ji abin da ransa ke so, ya ƙetare kogin Halis, daular da ta rushe kuwa tasa ce. Da ya aika ƙorafi Delfi, amsar da ya samu ita ce, ai da ka sake aikowa ka tambaya wace daula ake nufi.

Rubuta tambayarka a takarda da jimla ɗaya. Sa sunanka, sa abin da kake niyya, sa iyakar lokaci idan akwai: "Shin ya fi alheri a gare ni in karɓi aikin nan na wani gari a wannan shekara?" Idan ka ga kalmar "ko" ta shigo sau biyu, tambayoyi biyu ne, raba su. Ajiye takardar ta kwana. Da safe ka sake karantawa, ka tambayi kanka: idan aka ce a'a, zan fasa? Idan ka san ba za ka fasa ba, to siga ta biyu ce taka.

Mataki na uku: rana

Girkawan dā da jinjirin wata suke fara ƙirgar kwanakin wata, don haka wanda ya saba da lissafin watan sama ba zai sha wahala ba. Ranar 7 ga wata ta Afollo ce. A Delfi da farko sau ɗaya ake tambaya a shekara, ranar 7 ga watan Bisiyos, daga baya aka mayar da shi kowane wata ban da watanni uku na hunturu, lokacin da ake cewa Afollo ya yi tafiya arewa mai nisa. Ranar 4 ga wata ta Harmis ce, shi ne mai ƙuri'a da kasuwa da hanya. Cikin hanyoyin da zan kawo a mataki na shida, idan haruffa za ka yi, nemi ranar 7 da safe. Idan ƙashi ne ko sauraron kasuwa, ranar 4. Larura ba ta jiran ranar 7, amma jiran yana da amfani, domin tambayoyi da yawa kan warware kansu kafin ranar ta zo.

Mataki na huɗu: tsarki da shirya wuri

Ka tanadi kwano mai ruwa mai tsabta, fitilar mai ko kyandir, garwashi a kasko, lubban, ɗan ƙwayar sha'ir, busasshen ganyen bay irin na girki (itacen Afollo ke nan), da abin zubawa. Girkawa sun fi zuba ruwan inabi da aka sirka da ruwa, amma suna da hadayun da ba giya a ciki: zuma, madara, man zaitun, ko ruwa zalla. Ɗaya daga cikinsu ya wadatar. Ka sami wani kwanon da za ka zuba a ciki, ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur.

Yi wanka, sa tufa mai tsabta. Kunna fitilar, ka ambaci Hestiya, mai murhun gida, domin da ita ake farawa. Sannan ka kunna ganyen bay ɗaya ko ɗan tsinke a wutar, ka tsoma shi cikin kwanon ruwan. Wannan ruwa shi ne karnifis, ruwan tsarki. A dā icen da ke ci a kan bagadi ake tsomawa. Wanke hannu da fuska da shi, yayyafa wa tebur da kayan ƙuri'ar. Tun zamanin mawaƙi Hesiyod ake gargaɗin kada a zuba wa alloli hadaya da hannun da ba a wanke ba. A ƙofar haikalin Asklifiyos, allan warkarwa, da ke Efidaurus kuwa an rubuta cewa mai shiga ya zama tsarkakakke, tsarkin kuwa shi ne tunani mai tsarki. Wanda ya taɓa gawa ko ya fito daga ɗakin haihuwa yakan dakata na wasu kwanaki kafin ya kusanci bagadi. Daga lokacin da ka wanke hannu, kashe waya, kuma duk wanda ke ɗakin ya kame bakinsa daga maganar banza, domin kalmar da ta suɓuce a wannan lokaci ita ma ana ƙirga ta cikin alamu.

Mataki na biyar: roƙo, da duba ko an buɗe ƙofa

A tsaye ake yi, hannuwa a ɗage, tafuka na kallon sama, da murya a fili. Watsa sha'ir a kan teburin, zuba lubban a garwashi. Kira allan da sunansa da laƙabinsa, Afollo na Fito ko Harmis na kasuwa. Tuna masa abin da ka taɓa miƙawa, faɗi abin da ka kawo yau, sannan ka karanta tambayar daga takardar ba ƙari ba ragi. Zuba hadayar a kwano.

A Delfi a dā, kafin Fitiya ta hau kujerarta mai ƙafa uku, ana watsa wa akuya ruwan sanyi. Idan jikinta ya kama rawa tun daga ƙafa, an yarda a yi tambaya. Idan ta tsaya ƙyam, a watse sai wani wata. Fulutak, wanda shi kansa firist ne a Delfi, ya ba da labarin ranar da wasu manyan baƙi suka zo, akuyar ta ƙi motsi, aka yi ta kwarara mata ruwa har ta yi rawar dole. Fitiya ta shiga ba da son ranta ba, ta fito da ihu ta faɗi, bayan 'yan kwanaki ta mutu. Ba akuya a ɗakinka, amma ƙa'idar tana nan. Idan turaren ya ƙi kamawa, ko fitilar ta mutu, ko aka katse ka da rigima, ko ka ji zuciyarka na tafasa da fushi, to ka gode, ka tattara kayan, ka bari sai wata rana.

Mataki na shida: ƙuri'ar kanta

Hanyoyi huɗu zan kawo. Zaɓi ɗaya tun kafin ka fara roƙo, kada ka sauya a tsakiya.

*Takardu biyu.* Ita ce ta dace da tambayar e ko a'a, kuma Atinawa, wato mutanen birnin Atina, sun bar mana tsarinta dalla-dalla a kan dutse. A shekara ta 352 kafin Miladiyya sun yi saɓani kan wani fili mai tsarki a Iliyusis: a ba da hayarsa a noma, ko a bar shi fako? Suka rubuta amsoshin biyu a kan fallayen kuza biyu masu girma ɗaya, aka naɗe kowanne da ulu, aka jefa cikin tulun tagulla aka girgiza. Na farkon da aka zaro aka sa a tulun zinariya, na biyu a na azurfa, aka rufe da hatimi, sannan aka aika mutum uku Delfi su tambayi wane tulu za a buɗe. Hikimar ita ce ba mahalukin da ya san abin da ke cikin kowane tulu, don haka ba mai iya karkatar da amsa. Filin dai fako aka bar shi. A gida, yanka takardu biyu daidai da juna, rubuta "ya fi alheri in yi" a ɗaya, "ya fi alheri in bari" a ɗayar, naɗe su iri ɗaya, girgiza cikin tulu ko gwangwani mai murfi, ka zaro ɗaya ba tare da kallo ba. Ina ba da shawarar ƙara ta uku wadda ba rubutu, ma'anarta lokaci bai yi ba. Wannan ƙari ne na zamani, amma yana hana mutum tilasta amsa.

*Haruffa 24.* A kudu maso yammacin Turkiyya ta yau, a garuruwa irin su Olimfos na Likiya da Adada, an sami duwatsu masu ɗauke da baiti 24, kowanne yana farawa da harafi ɗaya na Girkanci. Baitocin sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari. Sami tsakuwa 24 masu girma ɗaya, ko gutsattsarin tukunya, ka rubuta harafi ɗaya a kan kowanne, ka zuba a jaka. Bayan roƙo ka girgiza, ka zaro ɗaya tak.

Waɗanda ke cewa ci gaba su ne: Α, allan ya ce za ka yi komai cikin nasara, Β, Afollo da Sa'a za su taimake ka, Γ, ƙasa za ta ba ka nunannen amfanin wahalarka, Θ, alloli na tare da kai a wannan hanya, Λ, bar baƙin ciki, farin ciki na tafe, Ν, kyauta mai kawo nasara za ta cika maganar, Υ, al'amarin na ɗauke da alkawari mai daraja, Χ, za ka dace ka cika magana ta zinariya.

Waɗanda ke cewa za a samu amma da gumi: Ι, zufa ce a gaba, da ita ake cin komai, Κ, faɗa da igiyar ruwa da wuya, daure, aboki, Μ, wahala dole ce, amma canjin zai yi kyau, Π, sai ka sha gasa da yawa kafin ka ɗauki kambi.

Waɗanda ke cewa dakata ko janye: Δ, ƙarfin da ya zo ba a kan lokaci ba rauni ne, Ζ, guje wa babbar guguwa kada ta illata ka, Ξ, ba a cin 'ya'ya daga busasshen reshe, Ο, ba a girbin abin da ba a shuka ba, Ρ, za ka fi jin sauƙin tafiya idan ka ɗan jira, Σ, Afollo ya faɗa a fili, tsaya, aboki, Φ, idan ka yi sakaci alloli za ka zarga daga baya, Ω, ɗanyen ɗan itace idan ka tsinka ba zai amfane ka ba.

Sauran huɗun sai an zauna da su. Ε na cewa kana marmarin ganin zuri'a daga aure na gaskiya. Η na cewa Rana mai ganin komai tana ganinka. Τ na cewa za ka rabu da abokan da ke kewaye da kai yanzu. Ψ na cewa wannan hukunci ne na adalci daga alloli. Ka lura kusan rabin baitocin nan magana ce ta haƙuri da aiki da jiran lokaci. Wanda ya sassaƙa su ya san masu zuwa tambaya yawancinsu gaggawa ce ta kawo su.

*Ƙashin idon sawu.* Wannan ɗan ƙashi ne mai kusurwa da ke gaɓar ƙafar baya ta tunkiya ko akuya, Girkawa na ce masa astragalos. Biyu ne kacal a jikin dabba, don haka idan biyar kake so sai ka yi magana da mahauci. Dafa su har naman ya saki, kankare, ka shanya su bushe sarai. Ƙashin na faɗuwa a kan fuska huɗu ne kawai: faffaɗa mai rami 3 ce, faffaɗa mai tudu 4, siririya mai shafaffen gefe 1, siririya mai murɗiya 6. Babu 2, babu 5. Rubuta lambobin a jikinsu don kada ka riƙa gardama da kanka bayan jifa.

Fausaniyas, matafiyin ƙarni na 2, ya ga kogon Hirakilis a Bura, inda mutum zai yi addu'a gaban gunkin, ya ɗauki ƙashi huɗu ya jefa a tebur, ya duba fassarar a wani allo. A garuruwan Fisidiya da Famfiliya kuwa, irin su Kiremna da Farga, ƙashi biyar ake jefawa, abin da ke ba da haɗi 56, kowanne da sunan allansa da baitinsa a jikin ginshiƙi a tsakiyar kasuwa. Idan ba ka da baitocin 56 ɗin, akwai hanyar haɗa ƙashin da haruffa. Jimillar ƙashi biyar tana kamawa daga 5 zuwa 30, amma 6 da 29 ba sa fitowa, sai ya rage lambobi 24 cif. Ba 5 harafin farko, 30 na ƙarshe. Daga 7 zuwa 28 kuwa cire 5 daga jimillar, abin da ya rage shi ne matsayin harafin: 7 na biyu ne, 17 na 12 wato Μ, 23 na 18 wato Σ.

Sai dai ka san wani abu. Ƙashin ba ya faɗuwa daidai wa daida. Faffaɗan fuskokin biyu kowacce tana fitowa wajen sau 4 cikin 10, siraran kuwa wajen sau 1. Ke nan haruffan tsakiya za su riƙa maimaituwa, Α kuwa sai wajen sau ɗaya cikin jifa 100,000. Wasu na son haka, suna cewa cikakkiyar nasara dama ba ta yawa. Ni na fi son tsakuwa a jaka, inda kowane baiti ke da rabo ɗaya.

*Sauraron kasuwa.* Wannan ce ta fi burge ni, kuma ba ta bukatar kayan aiki. A tsakiyar kasuwar Farai da ke Akaya a dā akwai gunkin Harmis na dutse mai gemu, da murhu a gabansa da fitilun tagulla. Mai tambaya yakan zo da yamma, ya ƙona lubban, ya cika fitilun da mai ya kunna, ya ajiye kwabo a bagadin da ke dama da gunkin, ya raɗa tambayarsa a kunnensa. Sai ya toshe kunnuwansa da hannu ya fice daga kasuwar. Da ya fita sai ya cire hannun, kuma maganar farko da ta shiga kunnensa ita ce amsa. A yau sai ka yi roƙonka a gida da yamma, ka ware ɗan kuɗi da za ka bayar sadaka, ka yanke tun a ɗaki inda za ka buɗe kunne, misali bakin wata mararraba. Ka tafi shiru, kana kula da ababen hawa. Jimlar farko da ka ji sarai daga bakin wanda bai san da kai ba, ita za ka rubuta yadda take, ko da cinikin tumatir ake.

Mafarki ma hanya ce, kuma babba: a dā a Orofos masu tambaya kan yanka rago su kwana a kan fatarsa a haikalin Amfiyarawos. Amma Artimidoros, wanda ya rubuta littattafai biyar kan fassarar mafarki a ƙarni na 2, ya raba mafarkin da ke nuna gaba da wanda yunwa ko tsoro ko sha'awa ke haifarwa, kuma rarrabe su aiki ne na wanda ya daɗe. Mai koyo ya fara da ƙuri'a.

Mataki na bakwai: fassara

Rubuta amsar a ƙarƙashin tambayar nan take, kafin zuciya ta fara yi mata kwaskwarima. Masanin falsafa Hirakilitus ya ce ubangijin da ke Delfi ba ya faɗa, ba ya ɓoyewa, alama yake bayarwa. Alama kuwa kamar sawu ce a kan rairayi, tana nuna an wuce, amma sai mai ido ya san ina aka nufa.

Girkawa ba sa fassara a kaɗaice. Da sojojin Farisa suka doso, Delfi ta gaya wa Atinawa cewa bangon katako ne zai tsira. Wasu dattawa suka ce tsohon shingen Akrofolis, tudun da ke tsakiyar Atina, ake nufi. Temistokilis, ɗaya daga shugabanninsu, ya ce jiragen ruwa ne. A gaban taron jama'a aka yi muhawarar, aka bi ra'ayinsa, aka ci yaƙin Salamis a 480 kafin Miladiyya. Waɗanda suka fake bayan katako a Akrofolis kuwa an hallaka su. Kai ma rubuta aƙalla fassara biyu, kuma dole ɗaya ta zama wadda ba ka so. Kai su wurin mutum mai hankali wanda ba shi da riba a cikin lamarin. Bari kwana ɗaya ko biyu su wuce.

Kuma kada alama ta ɗaure maka hankali. A watan Agusta na 413 kafin Miladiyya, rundunar Atina a Sirakus ta gama shirin janyewa cikin dare sai wata ya yi husufi. Kwamandansu Nikiyas ya bi maganar masu duba cewa a jira kwana 27. Kafin lokacin abokan gaba sun toshe bakin tashar jiragen, rundunar ta hallaka, shi ma aka kashe shi. Marubucin tarihi Tusididis ya ce Nikiyas ya cika ba duba muhimmanci. Fulutak ya kawo ra'ayin cewa ga mai son guduwa a ɓoye, duhun wata ai alheri ne. Masanin falsafa Tiyofirastus ma ya kwatanta mai camfi wanda ɓera ya huda masa buhun gari, ya je wurin mai fassara, aka ce masa kai wa baduku ya ɗinke, amma ya ƙi, ya tafi yin hadayar kore sharri. Idan amsar da ka fahimta tana tura ka ga barin magani, ko zubar da dukiyar iyali, ko cutar da kanka ko wani, fassararka ce ta karkace, kada ka bi ta.

Mataki na takwas: bayan amsa

Kada ka sake jefawa don amsar ba ta yi maka daɗi ba. Akwai sake tambaya a al'adar, amma da sharaɗi. Atinawan nan da suka sami maganar bangon katako, amsar farko da aka ba su ta tsoratar da su ne, sai suka koma riƙe da rassan zaitun a matsayin masu neman jinƙai. Abin da ya halatta gare ka shi ne tambayar bayani, irin wadda Kuresus ya kasa yi, ko siga ta biyu: tun da an ce akwai guguwa, wa zan roƙa? Tambaya ɗaya ta ƙari ta isa a zama ɗaya. Ainihin tambayar kuwa kada ta dawo sai wata ya juya, ko wani abu ya sauya a zahiri.

Rufe da godiya ko amsar ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Ƙara lubban, zuba sauran hadayar, ka sake ambaton Hestiya, domin da ita ake rufewa kamar yadda aka buɗe. Kashe garwashin da kyau. Abin da ke cikin kwanon hadaya ka zuba a ƙasa a gindin itace, ba a magudanar ƙazanta ba. Idan ka yi alkawarin wani abu in bukata ta biya, rubuta shi da ranar cikawa, domin Girkawa na ɗaukar wa'adin da ba a cika ba a matsayin bashi.

Ka keɓe littafi ɗaya don wannan aiki. Kowane shafi ya ɗauki kwanan wata, tambayar yadda ka karanta ta, hanyar da ka bi, amsar, fassarorin da ka yi, da abin da ka yanke. Bar rabin shafin fili. Bayan wata uku ko shida ka dawo ka rubuta abin da ya faru da gaske, har da inda amsar ba ta yi daidai da komai ba. Tsakuwar da ƙasusuwan kuma ka wanke su da ruwan tsarki, ka mayar jakarsu, kada a yi wasa ko caca da su.